Yadda ake ɗora babbar manhaja a kan kwamfutoci masu yawa ta hanyar sadarwa

A ranar 14 ga watan Oktoban 2025 ne kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin yau da kullum da yake bai wa Windows 10, lamarin da ya sa makarantu da ma'aikatu da dama suka shiga aikin sauya babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutocinsu.

Ga mai kwamfuta ɗaya, filash ya wadatar. Amma a cibiyar jarrabawa irin ta JAMB, inda ake buƙatar aƙalla kwamfutoci 250, idan kowace ta ci rabin awa, aikin zai laƙume awa 125 a hannun mutum ɗaya.

Maganin wannan wahala shi ne tsarin PXE, wanda kamfanin Intel ya fitar da sigarsa ta 2.1 a shekarar 1999. Tsarin yana bai wa kwamfuta damar tashi daga wayar sadarwa maimakon faifan ajiyarta, ko da kuwa babu komai a cikin faifan. Ana shirya kwamfuta ɗaya a matsayin uwar garke, sauran kuma su ɗebi manhajar daga wurinta.

Abin da ke faruwa idan aka kunna kwamfutar

Da zarar an kunna ta, katin sadarwarta zai yi shela yana neman adireshi. Sashen da ke raba adireshi, wato DHCP, zai amsa mata da abubuwa uku: adireshinta, adireshin uwar garke, da sunan fayil ɗin da za ta fara ɗaukowa. Na biyu da na uku ana yawan rubuta su ne a zaɓi mai lamba 66 da 67.

Daga nan sai kwamfutar ta ɗauko wannan ƙaramin fayil ta hanyar TFTP, wanda ke aiki a ƙofa ta 69. Fayil ɗin ne zai nuna jerin manhajojin da aka tanada, kana ya jawo wadda aka zaɓa. Da yake TFTP yana tafiyar hawainiya, domin a tsarinsa na asali sai ya jira tabbaci bayan kowane ɗan ƙunshin bayanai, ana barin manyan fayiloli su biyo ta HTTP ko NFS.

Matakan shiryawa

Da farko, a bai wa uwar garke adireshin da ba ya canzawa, a kuma haɗa kwamfutocin da waya, domin galibinsu ba sa iya tashi ta Wi-Fi.

Na biyu, a zaɓi manhajar da za ta gudanar da aikin. A kan Linux, dnsmasq tana haɗa aikin DHCP da TFTP a wuri guda. A kan Windows Server akwai WDS. FOG kuwa kyauta ce, kuma tana iya kwafe hoton kwamfuta ɗaya da aka gama shiryawa ta raba wa sauran.

Na uku, a ajiye fayilolin tashi iri biyu. Tsofaffin kwamfutoci masu BIOS suna amfani da fayil irin pxelinux.0, sababbi masu UEFI kuma suna buƙatar wanda sunansa ya ƙare da .efi. Kowace kwamfuta tana bayyana irinta a cikin buƙatar da ta aika, don haka ana iya tsara DHCP ya bai wa kowa nasa.

Na huɗu, a rubuta fayil ɗin amsoshi, wanda zai zaɓi harshe, lokaci da yadda za a raba faifai ba tare da wani ya zauna yana dannawa ba. Red Hat na kiran nasa Kickstart, Debian na da preseed, Windows kuma unattend.xml.

A ƙarshe, a kunna tashi ta hanyar sadarwa a saitin kowace kwamfuta. A na'urori da yawa maɓallin F12 ne ke buɗe jerin zaɓin.

Inda ake yawan yin tuntuɓe

Kuskuren da ya fi yawa shi ne kafa DHCP na biyu alhali na'urar rarraba intanet ta ofis tana raba adireshi. Su biyun za su riƙa karo, har wasu ma'aikata su rasa intanet. Mafita ita ce a saita dnsmasq a matsayin wakili, ya ba da bayanan tashi kawai, ya bar rabon adireshi ga mai shi. Idan kuma kwamfutocin suna wani reshe na hanyar sadarwa daban, dole a saita na'urar da ke tsakani ta miƙa buƙatunsu ga uwar garke.

Haɗari mafi girma yana tattare da fayil ɗin amsoshi. Idan aka umarce shi ya goge faifai ba tare da tambaya ba, duk kwamfutar da ta tashi ta wannan hanya bisa kuskure za ta yi asarar bayananta. Saboda haka, a sa zaɓin farko a jerin ya zama tashi daga faifan kwamfutar, a keɓe aikin a wani reshe na musamman, domin TFTP ba ya tantance mai neman fayil.

Haka kuma, tsarin bai ɗauke wa kowa nauyin lasisi ba, kuma Windows 11 na buƙatar TPM 2.0. Sannan a tanadi wutar ko-ta-kwana ga uwar garke da na'urorin haɗi, domin ɗaukewar lantarki a tsakiyar aiki na iya mayar da hannun agogo baya.

Kafin a saki aikin ga ɗaki guda, a gwada shi a kan kwamfutoci biyu, ɗaya mai BIOS ɗaya mai UEFI, bayan an kwafe duk muhimman bayanai zuwa wani wuri.