Ƙananan Maganaɗisun Fuskar Rana: Ɓullarsu da Gushewarsu

Idan hazon hunturu ya lulluɓe Jega, Aliero da Maiyama, rana takan zama jan faifai gab da magariba, sumul kamar ba abin da ke motsi a kanta. Magabata ma sun lura ba haka lamarin yake ba. Ƙuɗubuddin Shirazi ya ruwaito cewa Ibn Bajja na Andalus ya ga ɗigo biyu baƙaƙe a fuskar rana, aka ɗauka taurari ne ke gilmawa. Masana falaki na yau sun rinjayar da cewa tabon rana ne. A 1908 George Hale ya tabbatar, a Amurka, cewa waɗannan tabo matattarar maganaɗisu ne mai ƙarfi.

Tabo dai shi ne babba, yakan yi kwanaki ko makonni, adadinsa kuma yana hawa da sauka cikin kimanin shekara 11. Abin da ya fi shi yawa, bai kuwa yi suna ba, shi ne ƙananan maganaɗisu da suka bazu a duk fuskar rana, har a wuraren da ake kira natsattsu. Faɗin mafi ƙanƙantarsu bai wuce kilomita 100 zuwa 200 ba, wato kamar nisan Jega zuwa Sakkwato.

Fahimtar halinsu tana farawa daga tafasa. Fuskar rana, mai zafin kimanin digiri 5,500, iska ce mai tafarfasa kamar kunu a tukunya. Kowane gudaji ya kai kilomita 1,000, kusan faɗin Nijeriya, yana tasowa ya nutse cikin minti goma ko makamancin haka. Akwai kuma manyan gudaje masu faɗin kilomita 30,000, masu rayuwar yini ɗaya zuwa biyu. Maganaɗisu yakan ɓullo daga ƙasa bibbiyu, ɗaya mai kan arewa, ɗaya mai kan kudu, sai kwararar iskar ta kwashe su zuwa gefen gudajin, kamar yadda kogin Zamfara ke tura kumfa bakin gaɓa. A can ne makomarsu take: masu kai iri ɗaya su haɗe, babba ya tsage, kishiyoyi kuwa idan sun gamu su shafe juna.

A 1997 masu aiki da kumbon SOHO suka ƙiyasta cewa wannan shimfiɗa, wadda suka kamanta da darduma, tana sabuntuwa baki ɗaya cikin kimanin awa 40. Da na'urori suka ƙara kaifi, musamman kumbon Hinode da Japan ta harba a 2006, ƙiyasin ya sauko zuwa 'yan awoyi. Madubin Inouye na Hawai yana rarrabe abin da faɗinsa bai fi kilomita 30 ba, kusan tafiyar Aliero zuwa Maiyama. Ɗalibi ya lura da wannan: adadin ya sauya ne don gani ya ƙaru, ba don rana ta sake hali ba.

Muhimmancin mas'alar yana ga kambin rana, farin hasken nan da mutanen Gusau da Katsina suka gani kewaye da wata a husufin 29 ga Maris 2006. Zafinsa ya haura digiri miliyan ɗaya, alhali fuskar da ke ƙarƙashinsa ba ta kai 6,000 ba. Masana da dama na ganin tsinkewa da sake ƙulluwar waɗannan ƙananan zaruruwa na daga cikin sabubban zafin. Sun kuma yi saɓani a kan asalinsu: wasu na cewa tarkacen manyan tabo ne, wasu na cewa tafasar ce ke haifar da su a inda suke. Hujjar ɓangare na biyu tana da nauyi, domin ana ganinsu birjik ko a shekarun da tabo ya yi ƙaranci, irin su 2008 da 2019.

Duk wannan bai taɓa lissafin zawali ko inuwar la'asar ba, domin waɗannan sun dogara ne ga juyawar ƙasa da karkatarta.