Ko Kun Sani? Aikin da Ke Kiran Kansa

A tsarin Haskell, harshen rubuta manhaja da ya fito a 1990, babu umarnin "for" ko "while" irin na Python da Java. In ana son maimaici, aiki ne ke kiran kansa. Za a haɗa jimillar 3, 5, 2? Sai ya ware 3, ya miƙa wa kansa ragowar, ya sake ware 5, sannan 2, har jerin ya zama fanko, inda amsar sifili ce. Daga nan a tattaro baya, a sami 10. Dalilin rashin "for" da "while" kuwa, a Haskell adadin da aka sa wa suna ba ya canzawa, saboda haka babu maƙirgi mai ƙaruwa. Sababbin ɗalibai sukan manta da fankon jeri, manhajar kuwa nan take cijewa.