3.2 Tasowar Dokar Aure Tsakanin Hausawa Kiristoci Mabiya Furotesta

Wannan sashe zai dubi yadda tsarin auren Furotesta ya iso ƙasar Hausa, da kuma irin karon da ya yi da al'adar da ya tarar.

Tun a shekarar 1520 Martin Luther ya musanta koyarwar Katolika cewa aure ɗaya ne daga cikin sakaramantoci. A ganinsa aure tsari ne na Allah, amma hukuncinsa yana hannun hukuma. Wannan ne ya buɗe ƙofar saki a kan dalilin zina ko gudun ɗaya daga cikin ma'aurata, kuma majami'un Furotesta na Jamus da Hungari suka bi wannan hanya.

A Nijeriya, Dokar Aure ta 1884 ta fara aiki a Ikko, sannan ta 1914 ta game ƙasa baki ɗaya. Dokar ta ginu ne a kan mace ɗaya tal, tare da sanarwar kwana 21 a ofishin magatakarda. Sai dai bisharar ta makara a Arewa, domin Turawan mulki sun taƙaita aikin mishan a masarautu. Dakta Walter Miller ya zauna a Zariya a 1905, ƙungiyar SIM kuwa ta kama aikin kula da kutare a Babbar Ruga, kusa da birnin Katsina, a ƙarshen shekarun 1930.

Babbar matsalar da ta taso ita ce ta mai mata da yawa, musamman tsakanin Maguzawan Malumfashi da Ƙafur, waɗanda gandu da yawan iyali su ne ƙarfin nomansu. Taron Lambeth na 1888 ya hana yi wa irin wannan magidanci baftisma muddin yana tare da matansa. Ke nan ko dai ya saki uwar 'ya'yansa ba da laifinta ba, ko kuma ya dawwama a matsayin mai sauraro. Sai a 1988 taron ya sassauta, bisa sharaɗin ba zai ƙara wata ba.

Duk da haka, dukiyar aure da lefe da waliccin iyaye ba su gushe ba. Saboda haka auren Bahaushe Kirista ya tsaya a kan duwatsun murhu uku, wato al'ada da majami'a da dokar gwamnati.