Tsumma Ya Koma Ado

Ku sani, ya ku malamai da fatake, a birnin Landan akwai wata matashiya gwanar ɗinki, Priya Ahluwalia. Ubanta mutumin Nijeriya ne, uwarta kuwa asalinta Indiya. Da ta ziyarci Ikko, ta tarar gwanjon Turai ya cika kasuwa. Daga nan ta nufi Panipat ta ƙasar Indiya, inda ake jibge tsummokaran duniya ana mai da su zare. Abin ya tsaya mata a rai. A 2018 ta kafa sana'arta, tana ɗinka sababbin riguna da tsofaffin tufafi da ragowar yadi, bisa adon ƙasashen iyayenta. A 2021 aka ba ta lambar Sarauniyar Ingila. Mai kwance dila ya lura: abin da ya raina jarin wani ne. Wassalamu.