Kiɗan Kotso na Zamfara da Masu Sauraronsa na Ƙetare

Tun daga bikin Dakar na 1966, hukumomin Afirka suka ɗauki al'adar shirya manyan bukukuwa domin girmama baƙar fata da suka warwatsu cikin duniya. Mafi girmansu shi ne FESTAC, wanda aka yi a Ikko a farkon 1977, aka kuma yi hawan daba a Kaduna. A cikin baƙin har da Gilberto Gil, mawaƙin Bahiya ta ƙasar Barazil, watau lardin da bayi Hausawa suka shirya tawaye a 1807. Irin wannan biki yana da daraja, amma kwanaki kaɗan ne a watse. Abin da wannan takarda ke so ta duba shi ne abin da ke ciyar da mai fasaha sauran kwanakin shekara, za mu kuwa ɗauki misali daga makaɗan kotso na Maradun da Bakura da Talata Mafara.

Kotso ganga ce mai baki ɗaya, da hannu ake kaɗa ta, ta fada ce. Abin lura na farko shi ne, waƙar kotso ba aikin mutum ɗaya ba ce. Akwai jagora mai ba da waƙa, akwai 'yan amshi waɗanda ke karɓa suna ƙari, sau da yawa su ne kuma masu kiɗan, sa'an nan ga sanƙira mai kirari. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda aka haifa a ƙasar Bakura, ya rasu a 1991, a cikin ƙungiyar mahaifinsa Usman Ɗankwanda ya tashi, ya kuma yi amshi a bayan wansa Abdu Kurna kafin ya zama jagora. Sa'idu Faru ma ɗan gado ne daga ƙasar Maradun. Makarantar wannan sana'a, ke nan, ita ce sahun 'yan amshi, babu wata.

Wa ke riƙe da wannan makaranta? Ubangida. M. G. Smith ya bayyana tun 1957 cewa roƙo yana da aiki cikin tsarin sarauta, ba bara ba ne kurum. Basarake yana ba makaɗinsa gida da gona, da doki, da riga da rawani, da hatsi in kaka ta yi, shi kuwa jagora ya raba wa yaransa gwargwadon matsayin kowa. Haka Sa'idu Faru ya zauna da Muhammadu Macciɗo sa'ad da yake Sarkin Kudu a Talata Mafara, tun kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1996. Haka Ɗanƙwairo ya zauna da sarakunan Maradun, daga baya da Sardauna Ahmadu Bello. Mai sukar wannan tsari zai ce yana ɗaure bakin mawaƙi, gaskiyarsa kuwa. Amma kyautar da aka ba jagora tana isa hannun mutum bakwai ko takwas, a cikinsu kuwa akwai jagoran gobe.

Wannan tsari ya raunana a hankali. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rage ikon hakimai da abin hannunsu. Bayan ƙaddamar da shari'a a Gusau a 1999, kiɗa a bainar jama'a ya shiga takura. Na baya-bayan nan ya fi muni: a 2021 aka sace ɗalibai a Jangebe ta Talata Mafara, da Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, da Ƙaya ta Maradun, har hukuma ta rufe kasuwannin mako, ta yanke layukan waya na wani lokaci. Inda ba a taruwa, makaɗi ba shi da wurin aiki.

To, ga abin mamaki. A daidai lokacin da filin gida ke ƙuntata, masu sauraro sun yawaita a waje. Rediyon Kaduna da kaset sun kai muryoyin nan zangon Kumasi da Nima ta Ankara, da Mai Wurno ta Sudan inda jikokin waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 ke zaune. Yau kuwa ana jin su a YouTube daga Jidda har London. Mai nazarin harshe ba zai rasa jin daɗin wannan ba. Bahaushen zango a Gana, wanda Hausarsa ta yar da bambancin jinsi har yakan ce "mace ne", shi ne ke zaune yana sauraron "munka" da "anka" da "yaz zo" na mutanen yamma. Ba kowace kalma yake ganewa ba, amma ya san muryar gida ce.

Sai dai wannan ƙauna ba ta zama hatsi ba. Ubangida na dā yana ji ya biya. Mai sauraro na ƙetare yana ji kyauta, in kuwa wani kuɗi ya fito, yakan tsaya wurin wanda ya ɗora faifan. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta kāre waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, amma an gina ta bisa tunanin mawallafi ɗaya sananne. Ɗan amshin da ya ƙara ɗa cikin waƙa, wanda ba a rubuta sunansa a bayan kaset ba, da me zai kafa hujja?

A nan ne nake ganin malaman kwaleji ke da aiki. Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara tarihin makaɗa da dama, amma galibin nazarinmu a kan jagora yake tsayawa. Ɗalibin da ya fito daga Faru ko Bakura yana iya zuwa wurin magada da tsofaffin 'yan amshi da suka rage, ya rubuta wanda ya yi amshi a kowace waƙa, da shekarar da aka ɗauke ta, da wurin. Ya kuma rubuta matanin da Zamfarcinsa, kada ya mai da "munka" ta koma "muka" da sunan gyara. Da irin wannan rajista ne ƙungiyar Hausawa ta Kumasi ko ta London, in ta tashi shirya bikinta, za ta san gidajen da ya kamata ta aika wa goron gayyata da kuɗin mota.