Abin da ya raba motar tsere da motar gida

Ƙarfin inji kaɗai ba ya mayar da mota ta tsere, ko da yake matasa masu wasan mota a bukukuwan aure a Maiduguri kan ɗauka haka.

A gasa irin ta Dakar, wadda ta ratsa Agadas a 1979, dokokin hukumar FIA na yanzu sun wajabta kejin ƙarfe a cikin mota, don kada rufi ya danne direba idan ta wuntsila, da ɗamara mai riƙe kafaɗu biyu da ƙugu. Akan kuma cire kujerun baya don rage nauyi.

Motar gida ba ta da keji, kuma dokar hanya ta Najeriya ta ƙayyade mata gudun kilomita 50 a awa cikin gari, inda yara ke tsallaka titi.