Jirgin Dare Zuwa Sapa: A Duba Wata Kafin A Yanki Tikiti

Kowace Juma'a, wajen ƙarfe goma na dare, tashar jirgin ƙasa ta Hanoi, babban birnin Biyetnam, kan cika da masu jakar goyo. Ma'aikatan ofis ne da ɗalibai da baƙi 'yan yawon buɗe ido, duk sun nufi duwatsun Sapa su huta kwana biyu. Tafiyar kusan kilomita 300 ce, awa takwas ko kusa da haka, a kan tsohon layin dogon da Faransawa suka shimfiɗa, wanda ya dangana da Kunming ta ƙasar Sin a 1910. Mutum ya kwanta a ɗaki mai gado huɗu, biyu sama biyu ƙasa, ya farka da asuba a Lao Cai, bakin iyakar Sin. Ga sufuri, ga makwanci, kuɗi ɗaya. Wannan ne ke jan jama'a.

Sai dai jirgin ba ya zuwa Sapa. Daga Lao Cai akwai sauran kilomita talatin da wani abu na hawan dutse, hanya mai kwana-kwana da kan ci kimanin awa guda. A ƙofar tashar ne 'yan kamasho ke tare baƙon da barci bai sake shi ba, su karɓe masa jaka tun bai tambayi kuɗin mota ba. A yi ciniki kafin a shiga, ko kuma tun daga Hanoi a sa mai masauki ya turo mota. Yawancin gidajen saukar baƙi da ake yaɗa hotunansu ma ba a cikin garin suke ba. Suna can ƙauyuka irin su Ta Van da Lao Chai a kwarin Muong Hoa, cikin 'yan ƙabilun Hmong da Giay, wasu kuwa sai a babur ko a ƙafa ake ƙarasawa.

Babban abin dubawa shi ne lokacin shekara, kuma nan ne masu tallan tafiya suka fi yin shiru. Gonakin shinkafar da aka sassaƙa hawa-hawa a jikin duwatsu sun fi kyau a watan Satumba, sa'ad da suka nuna suka yi ruwan zinariya. Amma Satumba ƙarshen damina ce, ƙasa ta riga ta ƙoshi da ruwa. A Satumbar 2024 guguwar Yagi ta afka wa arewacin ƙasar, zaftarewar ƙasa ta binne ƙauyen Lang Nu a wannan lardi na Lao Cai, mutane da dama suka rasu, hanyoyi suka yanke. Duk wanda ya ji an yi hasashen guguwa ya ɗage tafiya, ko da kuɗin tikiti zai salwanta. Gida a gindin tudun da aka sare, komai kyan barandarsa, ba wurin kwana ba ne a daren ruwan sama.

Hunturu kuma da nasa. Sapa tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,500, kuma a Disamba da Janairu sanyi kan kai ruwa ya daskare, wasu shekarun har dusar ƙanƙara ke zuba. Gidajen ƙauye na katako ne, iska na shiga ta tsakanin alluna. A tambayi mai gida ko yana da bargon lantarki da ruwan zafi kafin a biya. Idan aka kawo kaskon garwashi, kada a kwana da shi a rufaffen ɗaki: iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, kuma tana kisa cikin barci, kamar yadda take yi a ɗakunanmu lokacin sanyi. Hazo ma kan rufe komai. Mutum ya biya kuɗin motar igiyar da aka buɗe a 2016, ya hau ƙololuwar Fansipan mai tsayin sama da mita 3,100, ya dawo bai ga ko tsinin dutsen maƙwabta ba.

Musulmi ya shirya wa cikinsa. Naman alade da kitsensa sun yawaita a girkin yankin, kuma al'adar masu gida ce su tarbi baƙo da giyar shinkafa a ƙananan kofuna. A faɗa musu tun da wuri, cikin mutunci. Ƙwai da kifi da ganye ba sa wuya, guzuri daga Hanoi kuma ba laifi ba ne.

Yara ƙanana za su biyo baƙo da awarwaron zare suna roƙon ya saya. Hukumomin garin kan gargaɗi baƙi kada su ba su kuɗi, domin cinikin ne ke raba su da aji. Mai son taimakawa ya ɗauki ɗaya daga cikin matan ƙauyen ta yi masa jagora, ya biya ta a hannu.

A riƙe fasfo, domin doka ta wajabta wa masauki yi wa baƙo rajista. Tikitin komawa na daren Lahadi kuma a yanke shi tare da na zuwa, gadajen kan ƙare da wuri. Wanda ya rasa, akwai motocin safa masu gado da ke bin babbar hanyar da aka buɗe a 2014, su kai Hanoi cikin awa biyar zuwa shida.